Farfesa a Ajin Sarewa

Maigidana ya yi shekara talatin da huɗu yana koyar da lissafi a jami'a, bara ya yi ritaya. Sifili ɗalibai ke ce masa a bayan ido, domin in ya duba takardar jarrabawa bai ga abin kirki ba, ba ya jan zance: ya zana ƙaton zobe da jan biro, ya ɗauki ta gaba. Ya san da sunan, kuma a ganina har daɗinsa yake ji. Da muka bar gidajen ma'aikata ba mu yi nisa ba, layin da ke bayan ƙaramar ƙofar jami'a muka koma, inda nake hango rufin ɗakin karatu ta tagar kicin.

Da aka shiga dogon hutun bana, sai aka tura autarmu, wadda ke aikin jinya a wani gari, kwas na mako biyar. Ta kawo mana 'yarta mai shekara shida da jakar kaya biyu, ta yi mana godiya tun kafin mu ce mun yarda, ta juya. Rediyo muke ce wa yarinyar. Duk wanda ya zauna da ita minti goma ba zai tambayi dalili ba. Ni take ce wa Kaka, shi kuwa Malam, Tsoho take kiransa, ko a gaban waye.

Kwana uku muka yi, gida ya koma tasha. Malam ya ce maganinta lissafi, ya zaunar da ita a tebur ya rubuta mata tambaya goma. Ta amsa biyu, sannan ta ba shi labarin wata ƙawarta da ta haɗiye maɓalli, da yadda malamarsu ke atishawa, da dalilin da ya sa ba ta son lamba bakwai. Da na leƙo, shi ne riƙe da fensir, ita ce a kan kujerarsa.

Maƙwabciyata, matar mai kantin littattafai, ita ta kawo mini mafita. Ta ce ai jami'a na buɗe ƙofa a hutu saboda iyalai: akwai ajin zane, akwai na ginin tukwane, da wasan kwaikwayo, da busa sarewa, a ƙarshen hutu kuma a yi taro a filin ciyawa kowa ya nuna abin da ya koya. Ina jin sarewa na ce na samu. Bakin da ke cike da sarewa ai ba ya surutu.

Sai da na je rubuta suna aka gaya mini sharaɗin: duk yaron da bai kai shekara takwas ba, sai da babba, kuma babban ba zaman kallo zai yi ba, shi ma sarewar za a ba shi. Ni kuwa idona ya riga ya faɗa kan ajin tukwane, wanda ake yi a lokaci guda, ƙofa na kallon ƙofa. Na ɗauki biro na rubuta sunan Malam.

"Ni?" in ji shi, da na gaya masa. "Ni zan zauna cikin yara ina hura bututu? A jami'ar da na shugabanci sashe?"

"To ka zauna da ita a gida, Malam. Daga safe zuwa azahar, kai da ita."

Ya dubi Rediyo, tana can tana yi wa kyanwa bayanin yadda ake yin allura. Ya ce, "Ƙarfe nawa ake farawa?"

Ranar farko ya sa kaya kamar mai zuwa taron majalisar jami'a, har da biro biyu a aljihu. Na raka su ƙofar ajin na tsaya ina leƙe. Kujerun ƙanana ne, na yara, ja da shuɗi. Da Malam ya zauna gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. Yara goma sha biyu ne, manya tara. A gefensa akwai direban bas ɗin ma'aikata, wani mai fara'a da ya kawo tagwayensa, ga kuma likitar asibitin jami'a da ɗanta, ga wata tsohuwa da ta ce ita dai ta zo shan fanka.

Malamar sarewa yarinya ce, ba ta fi talatin ba, siririya mai ƙaramar murya. Tana kiran suna tana murmushi, har ta ɗago kai ta yi ido biyu da Malam. Littafin sunayen ya suɓuce daga hannunta. Ta sunkuya ta ɗauka, ta gyara mayafi, ta ce, "Ranka ya daɗe, Farfesa, sannu da zuwa."

"Yauwa," in ji shi, ko kallo na biyu bai yi mata ba. Ya saba a gaishe shi.

Ta raba sarewa, na roba ne duka. Shi koriya ya samu. Ta nuna musu yadda ake toshe huji da yatsu, ta ce kowa ya hura a hankali. Direba ya hura, sauti ya fito zaƙwai kamar da sarewar aka haife shi. Malam ya cika ƙirji ya hura. Wallahi sai da matan ajin tukwane suka fito suna tambaya ko wani abu aka taka. Yara suka kwanta da dariya, Rediyo ta miƙe ta ce wa aji, "Ku yi haƙuri, Tsohona ne, bai iya komai ba sai lissafi."

Daga ranar ba sai na leƙa ba. Muna fitowa Rediyo za ta kama hannuna mai laka ta fara karanta labarai: Tsoho ya toshe hujin da ba shi ba, Tsoho ya ce wa direba sa'a ce kawai, Tsoho ya nemi a ba shi babbar kujera an ce babu. Shi kuwa yana gaba da mu taku biyar, sarewa a aljihu, kamar bai san mu ba.

Amma abu ɗaya da Malam, ba ya yarda a ce ya kasa. Ya ɗauko babbar takarda ya zana jadawali, kowane sauti da hujojinsa, ya manna a bangon falo. Kullum bayan la'asar ya zauna a baranda yana gwaji. Yatsunsa suka iya wurarensu tsaf, ko ido a rufe. Matsalar ita ce ƙirge. Malamar ta tsara musu wata 'yar waƙa mai layi huɗu, ta ce ana yi ana ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci. Malam ya ɗauki ƙirgen ya fi waƙar muhimmanci. Sai ka ji fiit, shiru, yana motsa leɓe, sannan fiit. Mai kantin littattafai ya leƙo ta katanga wata rana ya ce, "Farfesa, lafiya dai? Na ɗauka butar shayi aka manta a wuta."

A mako na biyu abin ya ɓaci. Rediyo ta fito tana tsalle da labari: Malama ta tsayar da aji duka, ta ce, "Farfesa, ba jarrabawa ake ba. Daina ƙirge, ka saurari na kusa da kai." Wai har ta sa tagwayen direba su nuna masa. Muna isa gida Malam ya wuce falo. Ya cire jadawalin daga bango, ya naɗe, ya sa sarewar a kan kabad inda hannun yarinya ba ya kaiwa. Washegari ya ce bayansa ke ciwo, kujerun nan ba na mutane ba ne.

Ni na kai ta ranar, na roƙi direba ya sa mata ido, na shige ajina. Ina cikin fama da wata tukunya da ta ƙi tsayuwa daidai, sai ga malamar sarewa a ƙofa bayan an tashi.

"Mama, Farfesa lafiya?"

"Lafiyarsa lau, 'yata. Fushi ne ya sauka a baya."

Ta yi dariya, sannan ta jawo benci ta zauna. Ta ce, "Bai gane ni ba, ko? Ɗalibarsa ce ni. Lissafi na fara karantawa, don mahaifina ya so. Sau biyu Farfesa ya kayar da ni. A na biyun bai tsaya ga zoben ba, ya rubuta a ƙasa: 'Kin ɓata takarda, kin ɓata tawada.'"

Na ce, "Shi ne. Ko rantsuwa ba sai kin yi ba."

"Sati guda ina kuka. Mahaifina ya yi wata bai kula ni ba. Daga nan na koma sashen kiɗa na fara daga tushe." Ta ɗauki ɗan curin laka tana murzawa. "Ba na riƙe da shi, Mama. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ranar farko tsoronsa nake ji, jiya kuwa da na tsayar da shi, sai da na ji wani sanyi a raina. Da na koma gida kunya ta kama ni. Ki ba shi haƙuri."

"Ba zan ba shi ba," na ce. "Labarin dai zan ba shi."

Na kuwa ba shi, muna shan shayi, Rediyo na wanka tana yi wa bokiti waƙa. Ya ajiye kofi. Can ya ce, "Sau biyu? To ai ba ta ci ba ne."

"Wa ya ce ta ci? Tawadar fa?"

Ya sosa ƙeya. "Haka na rubuta?"

"Ka fi ni sani."

Ya tashi ya shige ɗaki. Da safe na tarar ya hau kujera yana laluben saman kabad.

Ranar da gangan na bar ƙofar ajinmu a buɗe. Da yara suka watse, na ga Malam ya tsaya a gaban teburinta, hannu a baya, kamar ɗalibin da ya zo neman alfarma. Ya yi gyaran murya sau biyu.

"Malama," ya ce. A iya sanina bai taɓa kiran ɗalibarsa haka ba. "An tuna mini wata takarda. Makin da na ba ki daidai ne, ba zan canza ba. Maganar da na rubuta a ƙasa kuwa ba daidai ba ce. Ki yafe ni."

Ta ajiye sarewar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Ya wuce, Farfesa. Kai ma yatsunka daidai suke. Numfashin ne ba daidai ba. Ɗauko sarewar."

Ya ɗauko.

"In za ka ba jikarka shayi mai zafi, yaya kake hura mata? Haka za ka yi. Ba wutar gawayi kake hurawa ba."

Ya hura. A karon farko abin ya fito kamar sauti, siriri, mai ɗan rawa. Shi kansa sai da ya cire sarewar ya dube ta. Rediyo, da ke zaune a kan taga, ta tafa ta ce, "Kaka, zo ki ji, Tsoho ya warke!"

Ba zan ce ya zama gwani ba. Har hutu ya ƙare yana makara da ɗan kaɗan, kamar mai bin jama'a a baya yana ɗaure takalmi. Amma ya daina motsa leɓe, ya koma zama kusa da direba yana satar ji. Har abota suka ƙulla. Direban kan biyo gida da yamma da tagwayensa, su zauna a baranda su biyar suna busa, ni da matar mai kantin littattafai muna daga ciki muna yanka kankana. Shekara ashirin mutumin nan yana gaishe shi ta tagar bas, sai bana Malam ya san yana da 'ya'ya bakwai da ciwon gwiwa.

Ranar taron ƙarshe Asabar ce. Da safe Rediyo na cin burodi sai ta yi ƙara. Haƙorinta na gaba, wanda ya kwana biyu yana lilo, ya fita ya bi burodin. Na ba ta ruwa ta kurkure, na ce ai girma ne ya zo. Ta ruga gaban madubi, ta buɗe baki, ta rufe. Shi ke nan. Tashar ta ɗauke.

Tun da aka haifi yarinyar nan ban taɓa ganin ta yi awa guda shiru ba, ranar sai da ta yi shida. A tambaye ta abu ta gyaɗa kai, hannu a baki. Uwarta ta iso da azahar, ta gama kwas, ta rungume ta, ko "Mama" ba ta ce ba. Haƙorin kuwa ta dunƙule shi a hannun hagu ta ƙi saki.

Filin ciyawa ya cika tun kafin la'asar. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwa, an ɗaura igiya daga wannan reshe zuwa wancan an rataye zanen yara, iska na kaɗa su. Tukwanenmu na kan dogon tebur, tawa a can ƙarshe, an jingina ta da littafi don kada ta faɗi. Ɗaliban sashen kiɗa na gefe da ganguna da jita suna ɗumama wuri, jarirai na rarrafe tsakanin ƙafafun mutane, mai askirim ya kafa kekensa kusa da famfo. A layin gaba, kan kujeru, ga shugaban jami'a da tsofaffin abokan aikin Malam. Labari ya riga ya zaga, da yawansu saboda shi suka zo.

Aka yi wasan kwaikwayo, wani yaro da ya fito a matsayin zaki ya hango uwarsa ya sauko ya zauna a cinyarta. Aka yi rawa. Sannan aka ce 'yan ajin sarewa su shirya. Na zagaya bayan dandamali don in gyara wa Rediyo ɗankwali, na tarar ta maƙale a bayan wani akwatin lasifika, hawaye shaɓe-shaɓe. Uwarta na lallashi, malama na lallashi, ta ƙi motsi. Da ƙyar ta yi magana ta cikin yatsu: "Za su gani. Za su yi dariya."

"Wa zai ga haƙori daga can?" in ji uwar. "Tashi mana, kina ɓata wa mutane lokaci."

Malam ya ce, "Ku matsa."

Ya tattare riga ya durƙusa a gabanta, gwiwa na ƙara. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Sai na ga ya kai yatsa baki. Nan take na san abin da zai yi. Haƙoransa biyu na gaba na roba ne, tun wata faɗuwa da ya yi a kan keke muna sabon aure. Ban da ni da likitan haƙori babu mahalukin da ya sani, har 'ya'yan da ya haifa. Ya zare su, ya sa a aljihun gaba kusa da biro, ya washe mata baki.

Rediyo ta sauke hannu a hankali. Ta leƙa. Ta ƙara matsowa ta leƙa. Sai ta fashe da wata irin dariya har da faɗuwa a ciyawa.

"Tsoho! Naka biyu ne!"

"Na fi ki da ɗaya," in ji shi, maganar na fita da iska. "Kuma a haka zan hau. Ke fa?"

Autarmu ta riƙe baki ta ce, "Baba! Tun yaushe?" Malamar sarewa ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Direba ya ce, "Farfesa, yau ka gama da ni."

Suka hau, tana riƙe da hannunsa. Aka jera yara a gaba, manya a baya, Rediyo ta cusa haƙorin a aljihu har a gama busa. Malama ta ɗaga hannu, suka fara. Layi na farko ya tafi lafiya, na biyu ma haka. A na uku ɗan likita ya yi atishawa a cikin sarewarsa, amma aka wuce. Ina daga ƙasa ina bin Malam da ido: ya lumshe ido, kai na ɗan kaɗawa, gumi na bin wuyansa. Suka kai ƙarshe, malama ta dunƙule hannu, kowa ya tsaya cak.

Sai fuuu. Sauti ɗaya, dogo, mai daɗi kuwa, shi kaɗai a fili. Na Malam ne, ya iso.

Wurin ya ɓarke. Tafi, shewa, abokan aikinsa har da miƙewa tsaye. Ya buɗe ido ya ga abin da ya faru. Na ce shi ke nan, zai haɗe rai. Sai ya manta, ya yi murmushi da dukan bakinsa, a gaban shugaban jami'a da kowa da kowa. Tafin ya ninka. Rediyo ta ja rigarsa, ita ma ta washe nata, suka sunkuya tare.

Da suka sauko, shugaban jami'a ya taso da kansa ya miƙa masa hannu. Kafin Malam ya buɗe baki, Rediyo ta shiga tsakani ta yi masa cikakken bayani: na roba ne, suna aljihu, keke ne ya jawo, Kaka ce kaɗai ta sani, in yana so a nuna masa. Mutumin ya ce a'a, ya gode, ya yarda.

Rana ta yi sanyi muka kama hanyar gida ta ƙaramar ƙofa, kowa da askirim a hannu, autarmu na rungume da tukunyata kamar jaririya, tana ta mita wai an yi shekara talatin ana ɓoye mata abu a gidan ubanta. Malam bai mayar da haƙoran ba, ya ce sai ya wanke su. Rediyo na gefensa tana lasa tana tunani.

"Tsoho, Mama ta ce nawa zai sake fitowa."

"Zai fito, har ya fi na da."

"Naka fa?"

"Nawa sun tafi ke nan."

Ta tsaya a tsakiyar hanya. Ta buɗe hannun hagun nan da ta wuni tana dunƙulewa, ga ɗan haƙori kamar ƙwayar shinkafa, duk ya yi gumi. Ta miƙa masa.

"To riƙe wannan. In ɗayan ya fita zan aiko maka."

Malam ya ba ni askirim ɗinsa in riƙe, ya ciro hankici, ya karɓa, ya naɗe da kyau ya sa a aljihu. Ya ce ya gode. Muka ci gaba da tafiya, tana gaya masa yadda zai liƙa shi.